Ɗan Tunkiya a Tulun Zuma

Kafin Dafga, ƙasar Karaye
Laraba, 7 ga Afrilu, 1971

Zuwa ga ɗana Sabi'u, jikan baffana, a makarantar koyon aikin likita, Zariya.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa mai yawa, kai da mai ɗakinka Talatu da yara. Ina fata zafin bazaran nan bai matsa muku ba. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Innarka Hajo tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta.

Bayan gaisuwa, albishirinka! Kada ka nemi goro, ni zan ba ka. 'Yata Ramatu ta sauka lafiya jiya Talata da hantsi, a nan ɗakin uwarta inda ta zo goyon ciki. An samu mace. Sabi'u, na yi jika! Ka san Ramatu ita kaɗai Allah ya bar mana. Sa'o'ina duk sun kai ga aurar da jikoki, ni kuwa sai dai in je suna in ci tuwo in dawo. To, ga tawa ta iso. Da aka miƙo mini ita, ta buɗe ido ɗaya ta dubi furfurar gemuna, ta tsuke fuska ta fasa kuka. Na ce, "Amarya, tun yau kin raina angon? Ai ba ki da wani sai ni." Gashinta baƙi wuluk, yatsunta dogaye irin na mahaifiyata.

Da hannuna nake rubuta maka wannan, ba wanda na roƙa. Ashe don wannan rana na yi ta zama a ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina haɗa baƙi da wasali, abokaina na yi mini dariya.

Sai magana ta biyu, wadda ita ce ta sa na hanzarta. Ka tuna tunkiyar nan 'yar uda da na ba Ramatu ta tafi da ita gidan miji a Gwangwan? A can ragon surukinta Barau, wani ƙaton balami, ya haye ta. Da Ramatu za ta zo haihuwa ta taho da ita. Ni kuma na faɗa a gaban jama'a cewa duk abin da tunkiyar ta haifa, na abin da ke cikin Ramatu ne.

To, jiya mata suna ɗaki da Ramatu, ni ina tsakar gida na rasa inda zan sa kaina, sai na ji tunkiya na nishi a turke. Na je na tarar haihuwa ta gagare ta. Na shafa man gyaɗa a hannu na sa. Na taɓa kai, na ƙara laluba na taɓa wani kan, na ce tagwaye ne. Da na jawo, sai ga ɗa guda: jiki ɗaya, ƙafa huɗu, wutsiya ɗaya, kai biyu. Kowane kai da wuyansa, da kunnuwansa, da bakinsa. Ina riƙe da shi ina salati sai na ji guɗa daga ɗaki.

Yana da rai. Ba ya iya tsayuwa, don kawunan sun fi ƙarfinsa, amma ina tatso nonon uwar in ba shi da tsumma. Na dama mai haɗama ne, na hagu kuwa sai an lallashe shi. In ɗaya ya yi kuka, ɗayan sai ya juyo ya dube shi kamar bai san shi ba. Mutane sun cika mini gida. Wasu barka suka zo, wasu kallo, kuma na ga 'yan kallon sun fi yawa.

Na tuna da sallar bara ka ba mu labarin ɗakin da kake aiki, inda ake ajiye abubuwan mamaki cikin kwalabe da ruwan magani, masu koyon likitanci suna dubawa suna karatu. Ko irin wannan yana da amfani a wurinku? Na san ba zai daɗe ba. In ana so, na bayar kyauta a madadin mai shi, tunda ita ba ta iya magana ba tukuna. Na ba Gwadabe direba wannan takarda, ya ce jibi zai juyo. Ka ba shi amsa. Suna ranar Talata, in ka samu dama.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka, Ƙasimu Mai Zuma

*

Kafin Dafga
Asabar, 10 ga Afrilu

Ɗana Sabi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Mai jego lafiya, tana shan wanka da kunun kanwa. Amaryata tana tsotso kamar an aiko ta.

Shiru nake ji. Jiya na wuni a bakin hanya, ba Gwadabe ba motarsa. Har na fara tunanin ko takardata ta ba ka kunya ne a gaban manyanka, tsoho ya aiko da zancen tunkiya wurin masu ilmi. In haka ne ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Wannan na ba wani ɗan tireda mai zuwa Zariya ta Rogo.

Abin ya fara sauya launi. Laure matar Lado mahauci, ka san bakinta, ita ta fara. Ta shigo barka ta ce, "Ina kwana, mai jego? Yaya Kai-biyu ta kwana?" Mata suka yi dariya. Yanzu a rijiya ba a cewa jaririyar gidan Ƙasimu, sai Kai-biyu. Ka san yadda abin yake a wurinmu. Sunan yanka na liman ne, ana faɗarsa sau ɗaya da safe, amma wanda mata suka laƙaba kafin suna shi ne yake bin mutum. Akwai tsohuwa a garin nan da ake kira Ta-gobara, ko 'ya'yanta ba su san sunanta na gaskiya ba. Ina tuna yarinyar nan ta girma, ta isa aure, a ce wa za a nema, a ce Kai-biyu. Sai abinci ya fita raina.

Kuma maganar ta kai Gwangwan. Jiya Barau ya aiko ƙanensa. Ya ce rago yana nan, goro yana nan, amma a ƙofar gidansa za a raɗa suna a aiko mana da labari. Shi da iyalinsa ba za su taka gidan da aka yi wannan haihuwa biyu a sa'a ɗaya ba, sai an yanka abin an binne a bayan gari an yi sauka. Mijin Ramatu, Sunusi, yaron kirki ne, amma ba zai tsallake maganar ubansa ba. Ramatu ta ji, ta juya fuska bango. Haihuwar fari, a ce dangin uba ba wanda ya zo! Har ya zo bakina in ce wa ɗan aiken, ai uban ɗan tunkiyar a turken Barau yake. Na haɗiye, don 'yata a gidansu za ta zauna.

Yau da safe ɗan tunkiyar ya ƙi shan nono. Lado ya shigo da wuƙa ya ce, "Ƙasimu, ka gaggauta kafin ya zama mushe a gidanka." Gaskiyarsa. Tun da nake ban taɓa barin dabba ta mutu mini ba yanka ba, ko kaza ce. Na karɓi wuƙar, na juya shi gabas, sai na tsaya. Na ce, "Lado, wane wuyan?" Ya ce na dama. Wani ya ce duka biyu. Wani ya ce in an yanka ɗaya, ɗayan ya zama mushe. Aka yi ta musu, har muka kwasa sai zauren Liman Malam Audu.

Malam ya saurare mu, ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce shi dai a littattafan da ya karanta bai tarar da babin wuya biyu ba. Sa'an nan ya ce, "Waye a cikinku zai ci naman?" Kowa ya ce ba shi ba. Ya ce, "To yanka don ci ake yi. In kun ga yana shan wahala ku sauƙaƙa masa. In kuwa barci yake, ku bar shi ga Mai shi. Kuma ku daina ɗora wa jaririya. Shi halitta, ita halitta, ba wanda ya ɗauki alhakin wani."

Ba ya shan wahala, numfashi kawai yake a hankali. Na mayar wa Lado wuƙarsa. Ban binne ba, ban yanka ba, ina jiran ka. In na binne shi, na yarda ke nan abin kunya ne, kuma sunan ya zauna. Ka taimake ni da amsa ko ta layi ɗaya ce.

Babanka, Ƙasimu

*

Zariya
Juma'a, 9 ga Afrilu, 1971

Zuwa ga Baba Ƙasimu,

Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida Inna Hajo. Barka, Baba, barka da arziki! Allah ya raya ta, ya sa mahaddaciya ce, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Talatu ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Ta ce a gaya wa ango ya fara rina gemu.

Baba, na kai takardarka wurin shugabarmu da ke kula da ɗakin. Likita ce, mace, mutuniyar Ilori, tana jin Hausa sarai. Ta sa na karanta mata sau biyu. Ta ce ana so, ana so ƙwarai. Hotonsa kawai muke da shi a littafi. Ta ce in bayyana maka cewa tagwaye ne suka fara rabuwa a cikin uwar, rabuwar ba ta ƙarasa ba. Yana faruwa ga dabba, wani lokaci har ga mutane, kuma ba laifin kowa ba ne. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, ranar da aka kawo masa mace haihuwa ta gagara ta irin wannan hanya, ba zai ruɗe ba.

Ranar Litinin tana da aiki a wajen Rogo, za ta biyo ta Kafin Dafga da motar makaranta ta ɗauka da kanta. Ni ba zan samu zuwa ba, ɗalibai na jarrabawa, ni ne mai shirya musu ɗaki.

Ga abin da ta ce a kiyaye. Kada a yanka. Kada a feɗe. In ya mutu kafin ta zo, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye gindin randa. Kada a sa masa gishiri ko toka, kada a tsoma shi cikin komai, don in fata ta lalace ba shi da sauran amfani.

Abu na ƙarshe: duk abin da aka ba mu kyauta, muna rubuta sunan mai bayarwa da garinsa a jikin kwalbar, ya zauna nan muddin makaranta na nan. Tunda ka ce na jaririya ne, sai ka aiko da sunanta.

Ɗanka mai biyayya, Sabi'u

*

Kafin Dafga
Lahadi, 11 ga Afrilu

Ɗana Sabi'u,

Muna lafiya. Takardarka ta iso yau da azahar. Motar Gwadabe ce ta karye a hanyar Makarfi, shi da fasinja suka yi ta zaman jiran makaniki. Na karanta farkonta na tashi tsaye don murna. Na kai ƙarshenta na koma na zauna.

Sabi'u, na riga na tsoma shi.

Jiya da la'asar ya cika. Na hagu ya fara yin shiru, na dama ya bi shi. Ka san zafin bana, nama ba ya kwana. Na zauna ina tunanin abin da zan yi, ga ba amsa daga wurinka. Sai na tuna wata shekara ƙadangare ya faɗa mini cikin tulun zuma, ban sani ba na liƙe bakin. Da na buɗe bayan damina, na tarar da shi kamar yanzu ya faɗa, har jan kansa bai dushe ba. To, bana amyoyin zumana na kan itacen ɗorawa sun yi kyau, na tace babban tulu guda na ajiye don mai jego da baƙin suna. Na goge ɗan tunkiyar tas, na lanƙwasa ƙafafunsa, na nutsar da shi a ciki, na rufe da faifai na shafe da laka.

Innarka ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai dai ta yi wa tukunya. Ta ce, "Zumar shekara guda! Mutane na ba mai jego, wani na ba mushe." Na ce Hajo, ƙudan zuma ba su yi ƙaura ba. Ta ce tulun ma na kayan ɗakinta ne.

Yanzu ga shi ka ce kada a tsoma shi cikin komai. Ban sani ba ko zuma tana cikin komai ɗin. Na so in fasa in ciro shi, na ga in iska ta taɓa shi yanzu ya lalace, ba ni da na biyu. Na bar shi.

Kuma na ƙara yin wani abu, ka ji. Sunan da ka ce in aiko, ba ni da shi. Suna na dangin uba ne, yana bakin Barau, kuma ba a fitar da shi sai ranar. Sai na ga wata ƙofa a nan. Na roƙi Malam Audu ya hau jakinsa ya je Gwangwan ya gaya wa Barau cewa gobe babbar likita za ta taso daga Zariya da mota saboda dukiyar jikarsa, kuma makaranta guda tana jiran suna daga bakinsa, ba wanda zai iya bayarwa sai shi. Na san Barau tun muna kai gyaɗa kanti tare. Tsoro yana da shi, amma son a ce sai shi ya fi tsoron yawa.

To ka ga inda na kai kaina. In likita ta buɗe tulu ta ce na ɓata, a gaban Barau da Lado da Laure za ta faɗa. Daga nan ba Kai-biyu kaɗai ba, har ni zan samu nawa sunan. Na san wannan takarda ba za ta riga motar ba. Na rubuta ne don ba ni da wanda zan gaya wa, Hajo tana fushi.

Ka sa mu a addu'a.
Ƙasimu

*

Kafin Dafga
Laraba, 14 ga Afrilu

Ɗana Sabi'u, ɗan albarka,

Alhamdu lillahi! Ka gaida Talatu, ka gaida yara, ka gaida duk wanda ka gani a hanya. Na san likita ta iso da tulu, amma ba za ta ba ka labarin yadda zan ba ka ba.

Litinin da hantsi Barau ya iso da ƙannensa biyu, ya sha babbar riga. Bai shigo ba. Ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gida ya ce shi wucewa yake. Na kai masa ruwa ya ce ba ya jin ƙishi. Muka zauna muna zancen farashin taki kamar ba komai.

Can sai ga farar mota. Garin nan kaf ya fito. Direba ya buɗe ƙofa, mace ta sauko da farar riga a kan zane, ta yi sallama, ta rusuna ta gaida dattawa. Na ji Laure na tambaya a bayana, "To ina likitan?" Aka ce ai ita ce. Ta ce, "Wannan? Da kallabi?"

Na fito da tulu na ajiye a zaure. Na ce, "Likita, kafin ki buɗe, na yi abin da aka ce kada a yi." Na faɗa mata. Ta sa safar roba har gwiwar hannu, ta fasa lakar, ta zura hannu. Ta ɗago shi a hankali, zuma na zuba, yana ƙyalli kamar an zuba masa ruwan zinariya, kawunan nan biyu sun jingina da juna. Ta duba kunne, ta duba baki, ta ja gashin kaɗan. Ta sunsuna.

Sai ta fashe da dariya. Ta ce, "Baba, na karɓi abubuwa da yawa, amma ba a taɓa ba ni mai zaƙi ba. Bai yi komai ba. A mayar da shi ciki, haka zan tafi da shi." Ta sa aka ɗora tulun a kujerar gaba, aka ɗaure shi da rawanin direba.

Daga nan ta ce ina mai kyautar, tana son ta yi mata godiya. Aka shiga da ita ɗakin mai jego. Hajo ta ba ni labari cewa likita ta wanke hannu ta karɓi yarinyar, ta juya ta, ta sa abin sauraron nan nata a ƙirjinta, ta ce lafiyayya ce sarai. Yarinyar kuma ta damƙe igiyar abin ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Likita ta ce, "A'a, wannan aikina take so ta ƙwace."

Da ta fito ta ɗauko alƙalami ta ce, "Wane suna za a rubuta?" Na ce, "Ni ba ni da iko. Ga mai shi can gindin tsamiya." Ta taka da kanta har wurin Barau ta gaishe shi. Ya gyara riga, ya yi gyaran murya ya ce, "Ba a faɗin suna sai gobe. Makaranta ta jira." Ta ce makaranta za ta jira. Sai ya ce, "Kuma a sani, ragon da ya haifi abin nan nawa ne. Irinsa babu a ƙasar Rogo." Na dube shi, na dubi Malam Audu. Malam ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi da sauri, kafaɗunsa na motsi.

Mota na tashi, Barau ya ce yanzu yana jin ƙishi. Ya shigo zaure ya sha fura, ya aika Gwangwan a taho da rago da goro da mata.

Jiya da safe aka raɗa suna a ƙofar gidana. Dangin uba sun cika layi, Sunusi yana can baya yana ɓoye fuska don kunyar 'yar fari. Sunanta Sa'udatu, muna cewa Sauda. Ka rubuta da kyau: Sa'udatu Sunusi. Baƙi sun sha kunu ba zuma, ba wanda ya yi ƙorafi, sai Hajo.

Ga wanda ya fi mini daɗi. Da yamma mata na cikin gida ana ta shewa, ina zaure, sai na ji muryar Laure ta fi ta kowa: "Ku miƙo mini Likita in ɗauka! Ni na fara ganin ta kama igiyar nan." Na kasa kunne har aka watse. Likita ta yi barci, Likita ta yi fitsari, a ba Likita nono. Ɗayan sunan ban ƙara jin sa ba ko sau ɗaya.

Sai dai wata rigima. Barau ya ce garin da za a rubuta a kwalba Gwangwan ne, don can uban yarinya yake, can uban tunkiya yake. Na ce a Kafin Dafga aka haife su duka biyu, kuma zumata ce. Mun bar wa makaranta hukunci.

Babanka mai farin ciki, Ƙasimu

*

Zariya
Litinin, 3 ga Mayu, 1971

Baba,

Gaisuwa da ban girma. Allah ya raya Sauda. Takardunka duk sun iso, ta Asabar da ta Lahadi tare suka zo bayan komai ya wuce. Baba, yaya za ka ce ka ba ni kunya? Tun da na fara aiki ba a taɓa nemana a ofis don a yi mini godiya ba sai a kanka.

Wankin zumar ni ya faɗa wa. Na yi ta sauya ruwan ɗumi, kunnuwa huɗu kowanne sai da na bi da auduga. Kafin in gama, tururuwan Zariya kaf sun ji labari, suka yi layi tun daga bakin taga har kan tebur. Likita ta ce in gaya maka an yi sa'a ƙwarai, amma in tunkiyar ta sake, a aiko da wuri a bar wa mai jego zumarta.

Yanzu yana cikin babbar kwalba mai faɗi, a kan kanta ta tsakiya, daidai idon mai shigowa. Ɗalibai sun yi darasi a kansa tun makon jiya.

Na kai mata ƙarar garuruwa. Ta ce abin da ya zo da kai biyu ba zai rasa wurin gari biyu ba. Ga abin da na rubuta, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa: "Kyautar Sa'udatu Sunusi, ta Kafin Dafga da Gwangwan, 1971." Ƙofa a buɗe take duk ranar da kuka zo.

Ɗanka, Sabi'u

*

Kafin Dafga
Alhamis, 27 ga Mayu

Ɗana Sabi'u,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka. Ina fata ku ma haka.

Ramatu ta gama wanka ta koma ɗakinta. Ni na raka su har Gwangwan, wai don in riƙe tunkiya, amma kowa ya san amaryata nake bi. Tun daga bakin gari yara suka taryo mu suna, "Ga Likita! Ga Likita ta dawo!" Ramatu ta dube ni ta yi murmushi, ni kuma na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Na karanta wa Barau takardarka a gaban mutanensa. Ya ce me ya sa Kafin Dafga ta riga? Na ce haka aka rubuta. Ya ce wa ya sani, tunda ni kaɗai ke ganin baƙaƙen, ina iya cinye Gwangwan ɗin ma gaba ɗaya in ce tana nan. Na ce to ya zo mu je Zariya bayan kaka ya gani. Ya ce zai je, amma ba ni zan karanta masa ba.

Sabi'u, Barau ɗin nan, mutumin da ya fi kowa yi mini dariya lokacin da na shiga aji, yanzu kullum bayan la'asar yana kan tabarmar yaƙi da jahilci a Gwangwan, da fensir a bayan kunne. Malaminsu ya ce ya ƙi fara koyo daga farko, wai shi sunan garinsu da na jikarsa kawai yake so.

Ka shirya mana wurin kwana bayan an cire gyaɗa. Mu uku ne. Hajo ta ce da ita za a zo, ba don ɗan tunkiya ba. Tana son ta ga inda ake koya wa mata likitanci, ta san hanya tun yanzu, kuma ta karɓo tulunta.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙasimu Mai Zuma, kakan Likita